Rigar sanyin yaro: daga wuya a sauko, ko gunduwa-gunduwa a haɗa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tsakanin tsare-tsaren nan biyu da kika rasa na ɗauka, wato wanda ake farawa daga wuya a sauko da wanda ake saƙa baya daban, gaba daban, hannu daban sannan a haɗa, ki ɗauki na wuyan. Tunda rigar ta ɗan shekara ɗaya ce, mai maɓalli a gaba, ba ma sai kin yi dogon nazari ba.

Babban dalilina shi ne yaro ba ya tsayawa jiran saƙa. Kina farawa daga wuya, kina kai hammata sai ki zura masa ita a jiki tana kan kibiyar saƙa, ki ga ko ta matse ko ta yi yawa. In ta matse ki ƙara layi biyu ko huɗu, in ta yi yawa ki warware kaɗan. Gani ya kori ji. Ita kuwa ta gunduwa-gunduwa ba za ki san gaskiyarta ba sai kin gama guda biyar ɗin nan, baya da gaba biyu da hannu biyu, kin ɗinke, sannan ki gano hannun ya fi ramin da za a sa shi girma.

Ɗan ƙanwata da ke Jos na yi wa wata riga ruwan toka da tsarin farawa daga wuya, lokacin yana tatata. Kin san sanyin Jos a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, uwar ta ce har barci da ita yake yi. Da hunturu ya zagayo sai ta aiko min ita a leda, wai ta ɗage masa, cibiya a waje, in ba wani yaron. Ina dubawa na ga kafaɗa da ƙirji suna nan da sauransu, tsawo ne kawai ya gaza. Na warware bakin ƙasan, na mayar da idanun, wato madaukan saƙar, kan kibiya, na ƙara tsawo da ragowar ulun da na ajiye, hannayen ma na yi musu haka, da zaren ya ƙare na ƙarasa da shuɗi ya zama kamar ado ne aka yi da gangan. Ta koma Jos ya sake cin wani sanyin da ita, yanzu ƙanwarsa ce ke sawa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne saƙa tana warwaruwa ne daga inda aka rufe ta. Rigar da aka faro daga wuya, rufinta yana ƙasa, daidai inda ake son ƙarin. Wadda aka faro daga ƙasa kuwa, bakin da aka ɗora zaren ba ya warwaruwa cikin daɗi, sai dai a sa almakashi, kuma ba kowace mai saƙa ce ke da zuciyar yanka aikinta ba.

Ga lissafin da nake yi wa ɗan shekara ɗaya, ki riƙe shi a matsayin abin farawa. Ulu matsakaici, wanda za ki ga an rubuta DK a takardarsa, da kibiya mai milimita 4. Irin wannan zaren yakan ba da ido 22 a faɗin santimita 10. Ki ɗora ido 64, ki yi ɗan bakin wuya na ɗaya gaba ɗaya baya, sai ki raba: 12 gaban hagu, 8 hannu, 24 baya, 8 ɗaya hannun, 12 gaban dama. Duk inda aka raba ki ɗaura ɗan zare mai wata kala ya zama alama, wuri huɗu ke nan. A kowane layi na fuskar riga ki ƙara ido ɗaya kafin alama, ɗaya bayanta, ya zama ƙarin 8. Layin dawowa ba a ƙara komai. In kika yi haka sau 16 za ki sami ido 192: kowane gaba 28, kowane hannu 40, baya 56. A nan za ki zare idanun hannayen ki jera su a kan wani zare su jira, ki ɗora sabon ido 4 a kowace hammata, jikin ya haɗe ya zama 120. Daga nan kuma babu sauran lissafi, saƙa ce miƙe har tsawon da kike so, kina yi kina hira. In kin ɗora bakin maɓalli a ƙarshe, ƙirjin zai tashi wajen santimita 56. Gram 150 na ulu ya isa, amma ki sayi 200, saboda ƙarin baɗi.

Duk wannan lissafin yana kan hannunki ne. Wata hannunta da tsauri, wata sako-sako, zare ɗaya kibiya ɗaya amma rigunansu ba za su zo daidai ba. Kafin ki ɗora rigar ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin tafin hannu, ki wanke shi, ya bushe, ki aza tef ki ƙirga. In ido 20 kika samu maimakon 22, ido 120 ɗin nan zai tashi santimita 60, ba 54 da rabi ba. Ga yaro wannan ba asara ba ce, zai girma ya cike ta. Amma in 24 kika samu, rigar ta dawo 50, kuma nan ne ake kuka. Maganinsa ki canza kibiya, babba in kin matse, ƙarama in kin saki.

Kibiyar ma akwai ruɗani a lambarta. Milimita 4 ita ce Amurkawa ke kira lamba 6, ita ce kuma lamba 8 a tsohon lissafin Ingila, wanda za ki gani a kan wasu tsofaffin kibiyoyin da aka gada wurin iyaye. Na Ingilan baibai yake tafiya, lamba tana hawa kibiya tana sirancewa. To in takarda ta ce lamba 8, duba ƙasar da aka rubuta ta, don 8 ta Amurka milimita 5 ce. Ni dai milimita kawai nake bi.

Abu ɗaya da tsarin wuya zai tilasta miki saya shi ne kibiya mai igiya, wato guda biyun da aka haɗa gindinsu da siririyar waya. Ido 192 ba zai zauna lafiya a kan miƙaƙƙiyar kibiya ba, ga kuma lanƙwasar kafaɗa. Ki nemi mai tsawon santimita 80. Kada igiyar ta tsorata ki, riga mai buɗaɗɗen gaba zuwa da dawowa ake yi, kina kai ƙarshen layi ki juya kamar yadda kika saba. Hannun ne kawai ake zagayawa, shi ma in ba ki shirya koyon hakan ba, ki saƙa shi a shimfiɗe ki yi ɗinki ɗaya a ƙasansa, babu wanda zai ɗaga hammatar yaro ya duba. Wajen saye ki shafa mahaɗar ƙarfen da igiyar da yatsa. In kin ji kaifi ko tudu ki ajiye, don kowane ido sai ya maƙale a nan. Araha ba ta ado.

Wasu za su ce miki wannan yayin 'yan intanet ne, iyayenmu ba haka suka yi ba. Tun 1972 wata Ba'amurkiya, Barbara Walker, ta fitar da littafi sukutum a kan saƙa daga sama, ya haura shekara 50 ke nan.

Na gunduwa-gunduwan fa, ba zan ce ba shi da rana ba. Ɗinki yana riƙe riga, don haka babbar suwaita mai nauyi ta maigida, ko wadda aka yi da zaren auduga mai saurin zazzagowa, ta fi tsayuwa in akwai ɗinki a kafaɗa da gefe, kuma masu keken saƙa yawanci haka suke yi. Iyakar yabon da zan iya ke nan. Ɗinki takwas ne a riga ɗaya, kafaɗa biyu, gefe biyu, ƙasan hannu biyu, da dasa hannun biyu, kuma ɗinkin saƙa fanni ne mai zaman kansa. Akwai wani ɗan littafin irin waɗannan tsare-tsaren da na taɓa saya saboda kyan hotunansa, yana nan ƙasan akwati tare da gunduwoyin wata ja da har yau ba su zama riga ba.

Ba ki tambaya ba, amma bari in ja kunnenki kan masu sayarwa, don a nan kuɗin sabbin masu saƙa ke zurarewa.

Na farko masu tallar takardun tsari a WhatsApp da Facebook. Za ki ga hoton jariri cikin wata riga da ta fi ƙarfin hannun mutum, furanni sun taso, ko'ina sumul, a ce ki tura kuɗi a turo miki. Da yawan hotunan nan yanzu kwamfuta ce ke ƙirƙirarsu, ba a taɓa saƙa rigar ba, abin da za a turo miki kuma bai haɗa hanya da hoton ba. Ki buɗe hoton sosai ki bi layin ido ɗaya da kallo. A saƙar gaskiya za ki bi shi daga wuya har ƙasa, a ta ƙarya yana tafiya sai ya narke cikin na kusa da shi. Wasu kuma kyauta suka kwaso suke sayar miki. Tsari na ƙwarai dole ya faɗi kaurin zare, girman kibiya, yawan ido a santimita 10, da awon rigar in an gama. In babu waɗannan, ki riƙe kuɗinki. Ravelry, shafin intanet na masu saƙa, yana nan tun 2007, rajista kyauta ce, kuma a ƙarƙashin tsare-tsare da yawa akwai hotunan waɗanda suka saƙa shi da hannunsu, masu kyau da marasa kyau. Ki nemi tsarin riga mai suna Harvest na kamfanin Tin Can Knits, kyauta ne, mai buɗaɗɗen gaba, daga wuya ake farawa, da awo tun na jariri har na babba. Zarensa ya ɗan fi DK kauri, don haka lissafinsu za ki bi, ba nawa ba. DROPS, kamfanin ulu na ƙasar Norway, su ma tsare-tsarensu kyauta ne.

Na biyu masu ulu a kasuwa. Dunƙule mai takarda yawanci yana da lambar kala da lambar rini, kuma ta rinin ce ake yi wa mutane wayo da ita. Kala ɗaya ce, amma in ba tukunya ɗaya aka rina su ba, a cikin shago ba za ki ga bambanci ba, sai rigar ta fita rana ki ga layi ya raba ta biyu. Ki duba lambobin da kanki, ki fito da su bakin ƙofa ki haɗa. Akwai kuma dunƙulen da ake naɗawa sako-sako ya kumbura, a ce gram 100 ne. Ki sa a ɗora a sikeli, ko ki ɗauki mai takarda ki gwada nauyinsu a hannu. In kuma aka tsuga miki kuɗi wai gashin tunkiya ne zalla daga waje, ki roƙi ɗan guntu ki kai shi ga ashana. Na tunkiya warin ƙonannen gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murtsuke a yatsa. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Na auduga warin takarda.

Ba wai na robar aibu ne ba, shi na fi so ma ga yaro, don yana jure wanki kuma asu ba ya cinsa, alhali na tunkiya in ya ji ruwan zafi da cuɗa sai ya tsuke ya cure. A dai sayar miki da shi a kuɗinsa. Sharaɗinsa biyu: kada dutsen guga ya taɓa shi, kada kuma a bar yaro ya matsa kusa da kaskon wuta da shi a jiki, tunda lokacin sa rigar shi ne lokacin jin ɗumi.

Maɓallan ki zaɓi manya, ki ɗinke su da zaren ɗinki mai ƙarfi ba da ulu ba, ɗan shekara ɗaya komai baki yake kaiwa. Ki sayo kibiya mai igiya milimita 4 da ulunki masu lambar rini ɗaya, ki auna ƙirjinsa a kan rigar da yake sanye da ita. In awon ya wuce santimita 52, ki yi ƙarin nan sau 18 maimakon 16 kafin ki raba hannu.