Aristotal ko 'yan Stoa, wa ya fi kama gaskiya kan halin kirki?

Dukkansu masana falsafa ne da makarantunsu suka faro a Atina ta ƙasar Girka, kuma sun yarda cewa jin daɗin rayuwa na gaskiya daga kyawun hali yake fitowa, amma daga nan fa hanya ta rabu.

Shi Aristotal, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa ya yi hali sabo ne, kana yin adalci yau da gobe har ya zame maka jiki, kuma kirki yana tsakiya, jarumta tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Wanda ya taɓa zaman karatun Ihya'u na Gazali a zaure ai wannan ba baƙon zance ba ne a kunnensa. Sai dai ya ƙara da cewa hali kaɗai bai isa ba, sai da lafiya da abokai da ɗan abin hannu, wanda masifa ta yi wa rubdugu ba za ka ce yana cikin ni'ima ba komai kirkinsa.

Su kuwa 'yan Stoa, wato mutanen malami Zeno da suke zama a wata rumfa (Stoa da Girkanci) a kasuwar Atina wajen shekara 300 kafin Annabi Isa, sun ce a'a, kirki shi kaɗai ya wadatar, dukiya da lafiya ba su kai a kira su alheri ba. Efiktetus ma, ɗaya daga cikin 'yan Stoa na baya, bawa ne kafin ya zama malami.

Ni dai wallahi maganar Aristotal ta fi zauna mini, mai yunwa ka ce masa ciwon cikinsa ba komai ba ne?