Fentin Angelus a kan takalmin wasan kwaikwayo

Masu haɗa kayan wasan kwaikwayo da masu shigar jaruman fim, kowa kan riga da hular kwano yake ƙarewa, takalmi sai dab da ranar wasa ake tunawa da shi, alhali shi ya fi komai shan wuya don ana tafiya ana lanƙwasa shi ne. Fenti na gama-gari da ake shafa wa allo ko katako idan ka sa a takalmi ranar farko zai yi kyau, amma da an ɗan taka sai ya tsattsage daidai wurin da yatsu ke lanƙwashewa, yana zuba kamar ɓawon ƙwai.

Wasu tsofaffin but na fata baƙaƙe na maida na mayaƙi masu kalar ƙarfe, kuma da fentin fata na Angelus na yi aikin. Kamfanin na Amurka ne, a Kalifoniya, tun 1907 suke harkar man takalmi. Fentin akirilik ne mai haɗin ruwa, ka wanke buroshi da ruwa kawai, kuma abin da ya burge ni shi ne bayan ya bushe yana bin fatar, ka naɗe takalmin da hannu ka sake, ba tsaga ko ɗaya wallahi.

Amma fa sai ka shirya fatar tukuna. Sabon takalmi da tsoho duk akwai wani sheƙi a samansu, ga man da aka yi ta gogawa, fenti ba ya kama wannan. Kamfanin Angelus na da ruwan goge shi mai asiton a ciki (sinadarin da ake goge fentin farce da shi), ka jiƙa auduga ka murza har fatar ta dushe, za ka ga audugar ta koma baƙa ƙirin kana canza wata. A waje za ka yi ko ka buɗe taga, warin na hawa kai. Sannan shafin fenti siriri siriri, sau uku ko huɗu, kowanne ka bari ya bushe kafin na gaba. Shafin farko muni gare shi, duk layi layi baƙin na leƙowa, kar gabanka ya faɗi, a na uku yake haɗewa. Mai gaggawar da zai lafta shi lokaci ɗaya shi ya sani.

Sulken ƙwaurin da na ɗora wa takalmin da soson EVA (wani irin soson roba) na yanka, na ɗumama shi ya lanƙwasu, na manna da gam irin na shumeka wanda ake shafa wa gefe biyu a jira ya daina kama yatsa kafin a haɗa. Shawarata ka manna kafin fenti, don gam da ya hau kan fenti fentin ya riƙe ba fatar ba.

A ƙarshe na bi da finisha, wato shafin ƙarshe mai kare fentin, marar sheƙi, saboda fitilun dandamali suna ƙara wa abu ƙyalli, mai sheƙin sai ya sa takalmin ya zama kamar na roba.

Ƙasan takalmi kam na bar shi yadda yake, robar da ke gogar ƙasa ba fentin da zai zauna mata. Idan kalar sol ta dame ka, tun wajen zaɓen takalmin za ka duba.