Yumɓun gashi ko mai bushewa da iska, wanne ya dace da babban aiki?

Malam, tunda dokin da kake son ginawa zai kai mita 1, yumɓun gashi za ka nema, wato irin wanda ake gasawa a wuta, wanda aka cakuɗa da garin tsingaro.

Da shi nake aiki. Akwai wani kan doki da na gina da shi, yana waje, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, ko gezau bai yi ba, har sawun babban yatsana na nan a kuncinsa. Sirrin yana wajen tsingaron: ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, sai ya riƙe ɗanyen yumɓun ya rage masa tsagewa. Yana ɗan kartar hannu, amma za ka saba.

Sai dai babban aiki ba a cike ake gina shi ba. Ka murza yumɓun kamar igiya, kana ɗora zagaye kan zagaye, cikin ya zama holoƙo, kaurin bango kada ya wuce santimita 2. Ka bar ɓangaren ƙasa ya sha iska kafin ka hau sama, in ba haka ba nauyi zai durƙusar da shi. Ka huda 'yar ƙofar iska, sannan ya bushe ƙayau, domin damshin da ya maƙale yana zama tururi a digiri 100, ya tarwatsa aikin. Ka auna bakin tanderu tun kafin ka fara, in dokin ba zai shiga ba, sai ka gina shi gaɓa-gaɓa. Mutum-mutumin sojoji na yumɓu da aka tono a ƙasar Sin a 1974 ma gaɓa-gaɓa aka gina su, kai daban, gangar jiki daban, aka harhaɗa.

Mai bushewa da iska kuwa, na taɓa saye. Ya yi wa ƙananan kayan ado, shi ke nan. In ka ɗora shi kan ƙashin waya, wato wayar ƙarfe da ake sa wa a ciki don ta riƙe aikin, darewa yake, ruwa kuma na taɓa shi ya koma taɓo.

Ka yi hattara da masu sayarwa. Wani zai rantse maka nasa ba ya jin ruwa, wani ya miƙo maka mai maiƙo, wanda ba ya bushewa har abada, wuta kuma narkar da shi take yi. Kafin ka biya kuɗin buhu, karɓi ɗan kaɗan, ka daɓe shi, ka ja layin santimita 10, ka gasa, ka sake aunawa. Galibi za ka tarar ya koma wajen 9. Da wannan lissafin za ka ƙara girman dokin.