Fito, Jirgin Sama ko Kwantena: Yadda Ake Tsallakar da Mashin Teku

Duk wanda ya ɗaure kaya a bayan mashin daga Zariya da niyyar doguwar tafiya, ko Makka ya nufa ko Turai ko Kudancin Amurka, akwai ranar da kwalta za ta ƙare masa a bakin ruwa. A nan ne guzuri ke zubewa. Yawancin mutane farashin da ejan ya faɗa musu a waya suke kwatantawa, alhali lissafin gaskiya yana farawa ne daga ranar da ka miƙa makulli har ranar da ka tayar da mashin a wancan gefen, haɗe da kuɗin masauki, abinci, da kwanakin biza da suka ƙone kana zaman jira.

Kafin komai, duba ko akwai jirgin fito a hanyarka. Idan akwai, magana ta ƙare. Mai zuwa Turai ta gabar yamma, wato Benin, Togo, Ghana har Senegal da Muritaniya da Maroko, ba ya buƙatar akwatin sa mashin ko ejan. A tashar Tanja Med zai sayi tikiti, ya hau mashinsa ya shiga cikin jirgi, a ɗaure shi, kafin awa biyu yana Aljesiras a Sifen. Ta wannan ɓangaren Kunle Adeyanju ya biyo a 2022 lokacin da ya taso daga Landan zuwa Legas a kan mashin. Ta gabas kuwa, tsohuwar hanyar alhazai ta Chadi da Sudan tana ƙarewa ne a Suwakin, inda ake hawa jirgi zuwa Jidda, amma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya sa ba hanya ce da za mu ba kowa shawarar bi ba. Can a nahiyar Amurka ma, tsakanin Panama da Kolombiya akwai dajin Dariyen, kimanin kilomita 100 babu titi, dole a ɗauki mashin.

Inda babu fito, zaɓi huɗu ne: jirgin sama, kwantena sukutum, gurbi a kwantenar haɗaka, ko jirgin ruwan dakon motoci da ake kira roro.

Ga mutum ɗaya mai mashin ɗaya, jirgin sama muke fara dubawa, duk da shi ne mai farashi mai tayar da hankali a takarda. Dalili shi ne lokaci. Kaya yakan isa cikin ƴan kwanaki, ɗakin ajiyar kaya yana cikin filin jirgi, kuma kuɗaɗen karɓa ba su kai na tashar ruwa yawa ba. Amma ka fahimci yadda suke awo, don a nan ribarka take. Kamfanin jirgi yana duba nauyin gaske da nauyin girma, ya caje ka a kan wanda ya fi yawa. Nauyin girma kuwa tsawo sau faɗi sau tsayi ne a santimita, a raba da 6000. Akwati mai 220 da 90 da 120 ya zama kilo 396, ko da mashin da akwatin duka kilo 260 ne a sikeli. Cire tayar gaba, madubai da gilashin gaba, ka kwance kan mashin, wato sandar tuƙi, ka kwantar da shi a gefen tanki ba tare da ka cire wayoyi ba, akwatin ya dawo 200 da 80 da 105: kilo 280. Aikin yini guda da sifana ya rage maka kuɗin kilo 116.

Mashin a jirgin sama kaya ne mai haɗari a dokar IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, lambarsa UN3166, aji na 9, kuma sai wanda yake da lasisi ne zai cike takardar shaidar. Fetur ba zai wuce kwatan tanki ba, kamfanoni da yawa ma sai an tsiyaye shi tas. A cire wayar batir, a naɗe kawunan da tef. Kada ka cusa gwangwanin feshin man sarƙa, gas ɗin girki ko batirin cajin waya a cikin akwatin. Na'urar haska kaya za ta gano su, a sauke akwatin, jirgi ya tashi ya bar ka. Sannan ka tambayi irin jirgin da ke bin hanyar. Ƙaramin jirgi ƙofar kayansa ba ta ɗaukar akwatin mashin, babban jirgin fasinja kuma tsayin kaya ba ya wuce kimanin santimita 160. Filin jirgin Malam Aminu Kano ba shi da nisa da mu, sai dai ba kowane kamfani da ke sauka a can ne ke karɓar kaya mai haɗari ba, don haka ka nemi farashi daga Kano da Legas duka, a rubuce.

Kwantena sukutum ta ƴan ƙungiya ce. Mai ƙafa 20 tana da tsawon mita 5.9 da faɗin mita 2.35 a ciki, ta ishi mashina huɗu ko biyar a tsaye ba tare da an kwance komai ba. Ku kuke lodi, ku kuke ɗauri, a gabanku ake buga hatimi a ƙofa, ku ɗauki hoton lambarsa. Idan aka raba kuɗin, babu abin da ya kai ta araha. Matsalarta ita ce mutane: fasfo ɗaya ya samu tangarɗa, ko takardar mashin ɗaya ba ta cika ba, kwantenar gaba ɗaya ta tsaya, kuɗin jinkiri kuma kullum yana hawa da zarar kwanakin kyauta sun ƙare. Akwai tashar tsandauri, wato tashar kwantena da ba a bakin teku take ba, a Kakuri, Kaduna, wadda aka buɗe a 2018, da ta Dala a Kano. Yana da kyau ka tambaye su kafin ka ɗora mashin a tirela daga Kwangila zuwa Apapa.

Gurbi a kwantenar haɗaka shi ne tarkon da ya fi kama mutane, kuma abin yana mana ciwo don masu ƙaramin ƙarfi yake kamawa. Farashinsa na farko yana da daɗin ji, tunda da mita kubik ake caji, akwatin nan namu bai kai kubik biyu ba. Sai dai kwantenar ba ta tashi sai ta cika da kayan wasu, sau da yawa a sauke ta a wata tashar a jira wani jirgin, in ta isa kuma ejan na can, wanda ba kai ka zaɓe shi ba, shi zai lissafa maka kuɗin sauke kaya, na buɗe kwantena, na takarda da na ajiya. Ba ka da bakin ciniki, mashinka yana hannunsa. Mai bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 yake da su cikin 180; in mako shida ya tafi a jira, kusan rabin tafiyar ya tafi. In dole sai ita, ka ce wa ejan: «Alhaji, a rubuto min kuɗin can ma, daga bakin mutumin can.» In ya fara kame-kame, nemi wani.

Roro kuwa, irin jiragen da ke sauke motoci a tashar Tin Can ta Legas, ba ya buƙatar akwati, amma makulli za ka bari, kuma ba a yarda a bar kaya a jiki. Duk abin da hannu zai iya kwancewa, ka ɗauka ya tafi. Wasu kamfanonin ma ba sa karɓar mashin sai a kan fale, wato dandamalin da ake ɗora kaya a kai.

Maganar akwati tana buƙatar kulawa, domin kafintocinmu na Sabon Gari sun iya aiki, amma katakon da suke da shi ba zai wuce ba. Ƙa'idar ISPM 15 ta ce katakon dakon kaya tsakanin ƙasashe sai an kashe ƙwarin da ke cikinsa, misali a gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, an buga masa tambari. Wanda babu tambari ana iya ƙona shi ko a mayar da shi a kuɗinka. Filawud ba ya cikin wannan doka, ƙarfe ma haka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi firam ɗin ƙarfe da ake kawo sabon mashin a ciki, mai walda ya ƙara masa tsawo da ƙarfi, a rufe da filawud, a bar gurbi a ƙasa inda cokalin injin ɗaga kaya zai shiga. Da kusoshi masu zare za a haɗa shi, don kwastam za su buɗe.

Wajen ɗauri, bel huɗu masu ƙugiya, biyu gaba biyu baya, kowanne yana ja zuwa kusurwarsa, a maƙale a jikin firam ko ƙasan wuyan mashin. Kada a ɗaure a jikin sandar tuƙi, lanƙwashewa take yi. A danne shokozoba kamar rabi. In aka danne ta har ƙasa na tsawon makonni, robar mai na iya fara yoyo. In ba a danne ba, jijjiga ta sassauta ƙugiya ta fita. Kada mashin ya tsaya a kan jak ɗin gefe. Bakin shokozobar gaba, inda aka cire taya, a mayar da aksil, ƙarfen da ke riƙe tayar, a ɗaure shi a kan guntun katako. A soka ɗan kwali tsakanin takalman birki don kada su haɗe in wani ya matsa hannu. Mai tafiya ta ruwa ya shafa mai a sarƙa da duk ƙarfen da ke fili, saboda gumin cikin kwantena yana kawo tsatsa.

Takardu su ne ke tsayar da mashin fiye da komai. Sunan da ke fasfo, da na takardar mallaka, da na takardar dakon kaya, dole su zama ɗaya harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa a kwana uku ana kai-kawo. Lambar shasi da ta inji ka karanta su da idonka a jikin ƙarfe ka gwada da takarda. Ƙasashe irin su Masar, Indiya da Pakistan suna neman karne, littafin shigar da abin hawa na wucin gadi da ƙungiyoyin masu motoci na FIA da AIT ke bayarwa bayan an ajiye jingina, mai aiki shekara guda. Tabbatar an buga hatimin fita kafin akwati ya bar ƙasa, in ba haka ba jinginarka ta maƙale. Inshorar Brown Card ta ECOWAS ba ta aiki a wajen yankin, kuma ba ta shafi kaya a cikin jirgi ba. Diyyar da kamfanin dako ke biya ƙayyadadda ce bisa kilo ko ƙunshi, ba ta kai kuɗin mashin ba, don haka sayi inshorar kaya daban, ka ɗauki hoton kowane gefe kafin a rufe.

Idan wani ya ce, «Ɗan'uwa, ga ɗan saƙo a sa min a akwatin,» ka ba shi haƙuri ko da maƙwabcinka ne a Tudun Wada. Jami'an NDLEA suna bincike a nan, na can ma suna yi, kuma duk abin da aka samu a ciki sunanka ne a takarda.

Ranar karɓa ka tafi da sifanonin da ka kwance taya da su a jakar da za a auna maka a filin jirgi, da famfon iska, da galan babu komai, domin gidan mai na iya yin nisa da ɗakin kaya, tankinka kuma a bushe yake.