Buhun PICS ya raba ni da ƙwaron wake

Jama'a ni dai waakye, wato shinkafa da wake, nake sayarwa a Aboabo nan Kumasi, kuma buhu guda nake sayen wake bayan kaka in ya yi araha, amma kullum ƙwari ke riga ni ci. Kwanaki ɗan yayata ya shigo da gudu wai ya ga dodo a gindin wani ruɓaɓɓen kututture, muka je sai ga ƙaton ƙwaro mai sheƙi da wasu abubuwa a gaba kamar ƙahon barewa, yaran unguwa har sun fara jifa. Malamin makarantarsu ne ya ce ai ba ƙaho ba ne, muƙamuƙi ne, namijin ke kokawa da shi a kan mace, tsutsarsa kuma ruɓaɓɓen itace kawai take ci. Na ce ku ƙyale bawan Allah, ɓarawona yana can cikin sito, ko girman ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Shi wannan ɗan mitsitsin a jikin waken yake saka ƙwai, tsutsar ta huda ta shige ciki ta yi ta ci, cikin wata guda ta fito da fiffike ta bar rami zagaye, sannan a sake sabon zubi. Ka ɗebo olonka (kwanon awo) guda ka ga gari a ƙasan kwano, ka zuba ruwa rabi ya taso sama. Da ƙwayar magani nake sakawa, warin nan kuwa hankalina bai taɓa kwanciya da shi ba tunda abinci nake ba mutane.

Sai na gwada buhun PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Hawa uku ne, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje, kowanne ɗaurinsa daban. Babu magani ko kaɗan, iska ce ke ƙare musu su mutu. Wata biyar na buɗe, wake fes kamar ranar da aka sauke shi daga motar Tamale!

Ɗaurin dai akwai wahala, sai ka matse iskar ka murɗe bakin, yatsuna sun ji jiki. Kuma waken ya bushe sosai kafin ka zuba. Ya fi buhun gargajiya tsada, ga shi ba ya son ɓera, nawa na biyu na jingina shi da bango ɓera ya huda gindin, shi ke nan aka koma gidan jiya. Yanzu a kan katako nake ɗora shi, kyanwar Hajiya ta ɗakin gaba kuma a sito take kwana.