Ƙaramin injin kaɗa zaren nano: abin da yake iyawa a Abuja da inda yake gazawa

Injin da ake magana a kansa shi ne ƙaramin nan na kan tebur, mai allura ɗaya, wanda dillalan kayan ɗakin gwaji suke shigo da shi Abuja, yawanci daga ƙasar Sin. Sunayen da ke jikinsu sun bambanta, amma cikinsu kusan ɗaya ne: akwatin roba mai kama da gilashi, na'urar ɗaga ƙarfin wuta da ke kaiwa kilobolt 30, famfon tura sirinji, farantin tara zare, sai ganga mai juyawa a wasu. Injin yana aiki, kuma don bincike ya cancanci kuɗinsa. Sai dai ba don iskarmu da wutarmu aka ƙera shi ba, kuma mai saye ne zai cike wannan giɓin daga aljihunsa.

Dabarar ba sabuwa ba ce, tun 1934 Anton Formhals ya yi mata rajista a Amurka. Ana narka polima, wato sinadari irin na roba, a zuba a sirinji, a maƙala wayar wuta a jikin allurar, farantin da ke fuskantarta kuma a haɗa shi da ƙasa. Idan wuta ta yi ƙarfi, ɗigon da ke bakin allura sai ya yi tsini, siffar da Geoffrey Taylor ya yi bayaninta a 1964. Daga tsinin wani siririn ruwa yake fita yana wulwulawa, yana miƙewa yana bushewa, kafin ya sauka a faranti ya zama zare. Kaurinsa kan kasance nanomita 100 zuwa 500, alhali gashin kan mutum yana tsakanin maikuromita 50 da 100, wato nanomita 50,000 zuwa 100,000. Ido ba ya ganin zare guda, sai dai a ga farin tabo yana yaɗuwa a kan takardar alminiyam.

Gwajin da ya fi nuna lafiyar injin shi ne na polimar da ake kira PVA, domin da ruwa ake narka ta, babu guba. A auna giram 10 a cika da tataccen ruwa zuwa mililita 100, a dama a zafin digiri 80 zuwa 90 na awa biyu zuwa uku, a rufe bakin kwalba kada ruwa ya tsere ya canza kaurin haɗin. A bar shi ya kwana don kumfa ta fita. Allura mai lamba 21 wadda aka datse bakinta, nisan santimita 15 zuwa faranti, famfo a kan mililita 0.5 a awa. A fara ɗaga wuta daga kilobolt 8 sannu a hankali, tsinin kan tsaya cak tsakanin 14 da 18. A nan na'urar wutar ta yi abin yabo: tana riƙe adadin da aka sa mata, makunninta yana tafiya daki-daki, kuma da an buɗe ƙofa wuta take yankewa. Amma kada a dogara da wannan kaɗai. Allura tana riƙe caji bayan an kashe, sai an taɓa ta da sanda mai wayar ƙasa kafin hannu ya kusance ta. Wasu dillalan ba sa haɗowa da sandar, a tambaya.

Famfon ne ke da sauƙin yaudara. Ba ya auna ruwa, tafiyar matosai kawai yake lissafawa daga faɗin cikin sirinjin da aka shigar masa. Jerin sirinjojin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa na kamfanonin waje ne, kuma sirinjin mililita 10 da ake saya a kemis ba lallai faɗinsa ya zo daidai da milimita 14.5 da aka saba ba. Kuskuren kashi 5 cikin 100 a faɗi yana zama kusan kashi 10 a yawan ruwan da ke fita. A auna faɗin da kalifa a shigar da hannu, sannan a tura ruwa zalla na awa ɗaya a auna a sikeli: mililita ɗaya giram ɗaya ne. Wata matsalar kuma, haɗin da ke ɗaukar wuta yana mayar da caji ta cikin sirinji zuwa jikin famfon, sai a ga allonsa yana ƙyaftawa ko ya koma farko ana tsakiyar aiki. Maganin shi ne a fitar da famfon waje, a haɗa shi da allura da bututun PTFE, robar da wuta ba ta ratsawa, kuma jikinsa ya samu tasa wayar ƙasar.

Wayar ƙasa ita ce rabin aikin. Gine-gine da yawa suna da soket mai baki uku wanda bakin na ukun bai je ko'ina ba. Alamar tana da sauƙin ganewa: zare ya ƙi faranti, ya riƙa manne wa bangon akwati da ƙofa, ko ya koma baya ya naɗe allura. A kafa wa injin sandar tagulla tasa, kuma a tuna cewa ƙasa tana bushewa ƙayau daga Disamba zuwa Maris, sandar da ta yi aiki da damina tana iya yin rauni da rani. Ɗaukewar wuta ma ba ƙaramar ɓarna take yi ba. Wuta ta tafi, ruwan da ke cikin bututu bai daina tura kansa ba, ɗigo ya taru, tana dawowa ya fantsama a kan aikin awa shida. Injin ba ya cin wuta sosai, ƙaramar inbata mai batir ta ishe shi, kuma ta fi janareta tsaftar wuta.

Babban aibin irin wannan injin shi ne akwatinsa ba ya sarrafa damshi. Ɗan agogon auna damshi da ke ciki nunawa kawai yake yi. Zare ya fi son damshin kashi 30 zuwa 50 cikin 100, iskar Abuja kuwa ba ta daɗewa a wannan tsakanin. A watan Agusta damshi kan haura 80, zaren PVA ya isa faranti bai bushe ba, ya narke cikin juna ya zama leda mai sheƙi maimakon farin ƙyalle mai laushi. Ɗalibi sai ya ɗauka haɗinsa ne ya lalace ya sake dafa wani, alhali iska ce. A sa tire biyu na busasshen silika mai tsotse damshi a cikin akwati, a toshe gefen ƙofa, a jira agogo ya sauko kafin a kunna, ko kuma a sayi na'urar tsotse damshi ta ɗaki. Da hunturu labarin juyewa yake yi. Haɗin PCL, wata polima da ake narkawa a sinadarin kulorofom, yana bushewa a bakin allura cikin 'yan mintoci, ya yi gemu, ya toshe. Ana rage wannan da ƙara DMF, wani sinadarin narkarwa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na ruwan narkarwar, domin shi ba ya saurin tashi. Ƙura kuma caji yana jawo ta kai tsaye cikin zaren.

Masu aiki a Jos suna da ƙarin abu biyu. Sanyin Disamba da Janairu yana ƙara wa haɗin kauri, PVA da ta kwana a ɗaki mai sanyi har daskarewa takan fara yi, sai an ɗan ɗumama ta. Sannan garin yana sama da mita 1,200, iska ba ta da nauyi kamar ta ƙasa, don haka tartsatsi yana tashi a ƙarfin wutar da bai kai na Abuja ba. In aka ji tsss a bakin allura ko aka ga shuɗin haske cikin duhu, a rage wuta ko a ƙara nisa.

Ba sai an kai samfuri ga madubin ilektiron ba kafin a san ko aiki ya yi. A riƙe gilashin madubin likita a gaban faranti, da maƙali marar ɗaukar wuta, na daƙiƙa 20, a duba a ninki 400. In aka ga zare da ƙulli-ƙulli kamar carbi, haɗin ya yi ruwa, a ƙara polima da kashi ɗaya ko biyu. In ɗigo ne zalla, ya yi ruwa ƙwarai ko famfo ya yi sauri. In zaren ya fito faffaɗa, ya sauka da danshi, a ƙara nisa. Sai samfurin da ya tsallake wannan za a biya wa kuɗin hoto a madubin ilektiron.

Gangar da ke tara zare a wasu injinan tana da kyau a ƙaramin gudu, tana ba da ƙyalle mai kauri ɗaya. Jera zare a layi ɗaya, irin wanda masu binciken jijiya da tsoka suke nema, yana buƙatar juyi sama da 1,000 a minti, kuma a can ƙananan gangunan nan sukan fara rawa. A gwada a gaban dillali.

Abin da ake iya yi da shi yana da yawa. Ƙyallen rufe ciwo na PVA da zuma, a fara da kashi ɗaya na zuma ga huɗu na polima, domin zuma tana jan ruwa, in ta yi yawa zaren manne wa juna yake yi. Ƙaro da citosan, wanda ake samu daga ɓawon jatan lande, ba sa kaɗuwa da kyau su kaɗai, sai an goya su a kan PVA ko polimar PEO. Zaren PVA kuma yana narkewa da ya taɓa ruwan ciwo, sai an ɗaure shi da sinadari don kada ya narke, ko da tururin gulutaraldihaid, wanda ragowarsa guba ce dole a wanke, ko da asid ɗin sitirik da gashi. PCL tana narkewa a wajen digiri 60, tukunyar kashe ƙwayoyin cuta mai digiri 121 za ta mayar da ita kitse. Sai dai giyar likita ta kashi 70 da hasken UV don gwajin ɗaki, ko hasken gamma, wanda akwai cibiyarsa a Sheda cikin Kwali. A ɓangaren fasaha, siririn shimfiɗin zaren polimar PAN a kan yadin takunkumi yana kama ƙurar hunturu, kuma in aka gasa shi a iska a digiri 250 zuwa 280, sannan cikin naitirojin a 800 zuwa 1,000, ya zama zaren kabon na gwajin batir. Duk aikin DMF da kulorofom sai akwatin yana da bututun fitar da tururi zuwa waje. DMF yana ratsa fata yana taɓa hanta, kuma fankar da ke zuwa da injin ƙarama ce.

Wanda yake tunanin buɗe masana'antar bandeji ya yi lissafi tukuna. Mililita ɗaya a awa na haɗin kashi 10 yana ba da giram 0.1 na zare, aikin awa takwas bai cika giram ɗaya ba, kuma kayan da zai taɓa ciwon mutum sai ya bi ta NAFDAC. Wannan injin na ɗalibin digiri na biyu ne da na uku, da mai son tabbatar da haɗinsa kafin ya nemi injin da ke kaɗawa daga waya ko allurai masu yawa. Kafin a biya kuɗi, a sa dillali ya rubuta a takarda cewa zai kawo wayar babbar wuta ta canji, allurai masu lamba 18 zuwa 23, da sirinjin gilashi aƙalla biyu, domin kulorofom yana kumbura baƙar robar sirinjin kemis har ta cije.