Babur na cika shekara 120 na Royal Enfield: ka saya ko ka nemi na gama-gari?

Wani ƙanen babana da ke da shago a Kantin Kwari ya turo mini hoton babur a WhatsApp bayan sallar Isha'i. Baƙi ne wuluk, tankinsa na sheƙi kamar madubi, da tambarin tagulla a gefe. Ya ce wani dillali ne ya yi masa tallarsa, wai guda 480 kacal aka ƙera a duniya. Na ce masa, "Baffa, wannan maganar gaskiya ce, amma ka dakata mu zauna kafin ka tura ko sisi."

Royal Enfield ya ƙera babur ɗinsa na farko a Ingila a 1901, yanzu kuma a Indiya ake ƙera su, a yankin Chennai. Da kamfanin ya cika shekara 120, ya baje wannan samfurin a birnin Milan na Italiya a watan Nuwamba 2021. Iri biyu ne, Interceptor 650 da Continental GT 650. An raba 480 ɗin gida huɗu: 120 na Indiya, 120 na Turai, 120 na nahiyar Amurka, 120 na kudu maso gabashin Asiya. Na Indiya an saye su ta intanet cikin ƙasa da minti biyu. Afirka ba ta cikin rabon. Saboda haka duk wanda ya shigo Kano na hannu ne, wani ya riga ya saya ya sayar, kuma dillalin da ya ce maka daga kamfani ya ɗauko shi kai tsaye, to ka kama jakarka.

Abin da na fi so Baffa ya gane shi ne injin. Injin da ke cikin na bikin cika shekara 120 ɗin shi ne dai a cikin Interceptor da kowa ke saya: silinda biyu, cc 648, ƙarfin doki 47, giya shida, iska da man inji ke sanyaya shi. Birkin ɗaya, ƙashin jikin ɗaya. Ƙarin kuɗin da za ka biya na ado ne, musamman tanki da tambari da lambar da ke saman tankin. Ba na raina su. Tambarin nan da hannu aka yi shi, aikin wasu maƙeran tagulla ne na garin Kumbakonam waɗanda gadonsu ne, kuma layin ruwan zinaren da ke tankin da hannu aka zana. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kurmi yana kallon baduku na ɗinka jaka ya san darajar aikin hannu. Sai dai tankin ba fenti ba ne, baƙin kurom ne, wato shafen ƙarfe mai sheƙi. Ran da ɗan adaidaita ya goga maka shi a cunkoson Bata, mai fenti ba zai iya mayar da shi yadda yake ba, kuma ba tanki ne da ake jerawa a kanti ba. Ga ƙurar hunturu, wadda idan yaro ya share ta da busasshen tsumma sai ta bar zane. Ga ranar watan Afrilu da ke haura digiri 40. Babur ɗin nan yana son ɗaki mai rufi da mayafi, da mai shi wanda zai wanke shi da kansa.

Idan zuciya ta riga ta kafe a kansa, to tsakanin biyun Interceptor ya fi dacewa da garinmu. Zamansa a miƙe yake, hannunsa a sama, kujerarsa doguwa, ka goya ɗanka zuwa masallacin Juma'a. Continental GT kuwa an yi shi ne da siffar baburan tsere na samarin Ingila, hannunsa a ƙasa, sai ka duƙa. Ga mai babbar riga da hula, a titin da ake tafiya ana tsayawa, kafin ka je Zoo Road daga Fagge wuyan hannu da gadon baya sun gaya maka. Kuma dukkansu sun haura kilo 200, wanda ya saba da roba-roba ko Boxer zai ji bambanci tun a wajen turawa cikin soro.

Interceptor na gama-gari shi ne na ce wa Baffa ya duba. Sautin ɗaya ne, gudun ɗaya, kamannin baburan da ɗin suna nan. Idan tanki ya lotsa a buga a yi fenti. Bambancin kuɗin kuma ya isa ka yi odar abin da za ka buƙata tun babur bai iso ba: matatar mai, matatar iska, takalmin birki, sarƙa da haƙoranta, wayar kulocin. Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kasuwar 'yan babura ta Fagge cike take da kayan Boxer da Jincheng da TVS, domin su ne a kan titi. Na taɓa ajiye babur wata uku a zaure saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba, kullum na wuce sai raina ya sosu. Baburan Royal Enfield ɗin nan kuma ba su da kafireto, na'ura ce ke fesa mai, don haka ka fara samun bakaniken da ya san ta, ka kuma daina shan man bumburutu na bakin hanya. Sauƙi ɗaya: idan ka samu mai ƙafafun waya masu tib, mai faci na unguwa zai iya da su.

Akwai kuma Classic 350, wanda aka sabunta a 2021. Silinda ɗaya, cc 349, ƙarfin doki kusan 20, giya biyar. A ido ma ya fi su kama da baburan zamanin kakanni. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu 2023, shan mai ya zama abin lissafi, kuma wannan ya fi su sauƙi. Ga wanda yawonsa bai wuce gida, kasuwa, gaisuwa a Wudil ko Bichi ba, ya wadatar. Mai son bin hanyar Zariya akai-akai shi ne zai ji ƙarancin ƙarfinsa.

Baffa ya tambaye ni Besfa, don ita ya hau yana saurayi. Kamfanin Piaggio mai ƙera ta ya fitar da ta bikin cika shekara 75 a 2021, ruwan ɗorawa, da lamba 75 a gefe da zagayayyiyar jaka a baya. Kyakkyawa ce ƙwarai. Amma ba irin ta da ba ce mai giya a hannu da haɗa fetur da baƙin mai, wannan da kanta take canja giya, kuma ƙananan tayoyinta ba sa son ramukan damina.

Wanda duk da haka ya ce sai na bikin, kada ya tsaya a hoto. A saman tankin kowanne akwai lambarsa ta musamman. A nuna maka ita a bidiyo tare da lambar jikin babur, a kuma nuna takardar sayen farko, domin baƙin tanki da tambari ana iya ɗora su a kan babur na gama-gari. A tambayi wace ƙasa ya fito, a ga takardun kwastam na asali, a tayar da injin da sanyin safiya a gabanka ko gaban wanda ka amince da shi.

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce a tambayar masa dillalin lambar da ke saman tankin. Kwana huɗu ke nan ana jiran hoton.